Ranar da Aka Kawo Mini Nana Yaye

Ranar Talata ce, ana tsakiyar yankan shinkafa. Da hantsi, wajen ƙarfe takwas, 'yata Sa'adatu ta iso daga ƙauyen mijinta goye da Nana. Yaye ta kawo ta, kwana bakwai za ta yi a wurina. Na dama kunun gero, na zaunar da yarinyar ta ba ƙofa baya.

Ka'idar yaye a wurinmu, uwa ba ta sallama. Sulalewa take yi. Sa'adatu ta kai zaure ta dawo, wai bari ta ɗan rungume ta. Na harare ta.

"Wuce, kada ta gan ki! Kanki aka fara yaye?"

Ta yi dariya, idonta da ƙwalla, ta kama hanyar fadama.

Ƙarfe tara da rabi na ji babura, da yawa, daga gabas. Sai harbi, ɗaya-ɗaya, sannan babu tsayawa. Hayaƙi ya tashi daga inda aka tara damman shinkafa. Ta nan hanyar Sa'adatu ta bi.

Sai wani ya ƙwala ihu daga waje: "Ku yi kogi! Mata, ku yi kogi!"

Na saɓa Nana a baya, ban ko ɗauki takalmi ba. Shekaruna sun haura sittin, amma ranar na yi gudu. Muka faɗa cikin kachala, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye bakin ruwa. Ruwa ya kawo mini ƙugu. Nana ta fara kiran Umma. Na toshe mata baki da tafin hannuna, ina raɗa mata cewa yanzu Umma za ta dawo. Tun daga hantsi har azahar nake faɗin haka.

Da la'asar wani masunci ya tsallakar da mu a kwalekwalensa. Muka taka zuwa titin Kirikasamma. Motar kifi ta kawo mu Haɗejiya, aka sauke mu a wata makarantar firamare.

Ranar Alhamis mijin Sa'adatu ya zo. Bai shigo ajin ba. Ya tsaya daga bakin taga, ya ce sun same ta a kan kunyar shinkafa, sun rufe ta jiya.

Nana ba ta cin komai sai a bakin ƙofa. Duk macen da ta gifta da shuɗin mayafi irin na uwarta, sai ta miƙe. Idan na zaga bayan gida ta yi ta ihu har ta shiɗe. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce in daina ɓuya mata, in riƙa gaya mata inda za ni da lokacin da zan dawo. Na bi maganarta, kuma ya yi amfani. Sai dai na ji zafinta, don ni na san wadda na hana yin haka.

A kwana na goma sha tara Nana ta daina zuwa bakin ƙofa. Jiya ina wanke mata ƙafa, ta dafa kaina ta kira ni Umma. Na amsa.