Ƙarfen Mudi da ƙarfen Sale

Mudi da Sale 'ya'yan wa da ƙane ne, manoman albasa a Kiru, kuma tun suna yara Mudi ne gaba a komai. Shi ya fara aure, kuma kunyarsa ta fi miƙewa a gona. Bai taɓa zaton akwai ranar da zai bi Sale da kallo yana jin zafi a ƙirji ba.

A shekarar 1992 motar da ta ɗauko su da buhunan albasa ta kife kusa da Bagauda. Su biyun duk suka karye a kwatangwalo, karayar da maɗori ya duba ya ce ta fi ƙarfinsa. Aka kai su asibiti a Kano, aka cire wa kowannensu kan ƙashin da ya farfashe, aka sa na ƙarfe. Likita ɗaya ya yi musu aikin, gadajensu ma suna jere.

Kafin damina ta faɗi Sale ya yar da sanda. Shi kuwa Mudi ciwo ya ƙi barinsa. Wurin ɗinkin ya kumbura, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, sai zazzaɓi, daga baya ya fashe yana tsiyayar mugunya. Matarsa Tani ta yi gashi, ta shafa duk abin da aka ce a shafa, ba sauƙi. Dole aka mayar da shi Kano.

Likita ya ce, "Malam Mudi, ƙwayoyin cuta ne suka maƙale a jikin ƙarfen, can ciki. Allura kaɗai ba za ta kashe su ba. Sai mun buɗe mun cire shi, mun wanke wurin."

"To shi Sale fa? Ba irin ƙarfen kuka sa masa ba?"

"Irinsa ne. Wani yakan gamu da wannan, wani bai gamuwa."

Amsar nan ba ta taɓa kwanta wa Mudi ba. Aka cire ƙarfen, aka kankare ruɓaɓɓen nama, aka rataya wa ƙafar nauyi. Ya yi makonni a rigingine ana ɗura masa magani ta jijiya har hannuwansa suka rasa wurin huda. Duk ranar Juma'a Sale yakan zo da fura da nono. Mudi na jin takunsa tun daga ƙofa, taku daidai ba ɗingishi, sai ya juya fuska ga bango.

"Yaya, ya jiki?"

"Ga shi kana gani. Ba sai ka yi ta kai da kawo a gabana ba, na san kana tafiya."

Sale ya ajiye furar ya zauna. Tani ce ta yi kuskuren cewa Sale ya noma musu gonar, kuma bana albasar ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Ranar Mudi ko furar bai taɓa ba.

Cutar ta mutu, amma ƙafar ta gajarce. Likita ya ce in ya so a sake sa wani ƙarfen nan gaba, Mudi ya ce an yi na farko an yi na ƙarshe. Wani baduku ya ƙara wa takalminsa na hagu tsayi da tayar mota, ya koma gona da sanda, yana shuka da cire ciyawa a zaune. Ya iya, har ya aurar da 'ya'yansa daga gonar. Sai dai in Sale ya wuce a kan keke, Mudi yakan bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya yi istigfari.

Bayan wasu shekaru, wata safiya Sale ya shigo yana dafe da ƙugu, ya ce wurin aikin na masa ciwo. Wani daɗi ya tsarga wa Mudi kafin ya ankara, sai kuma tsoro ya biyo baya, don ya san irin wahalar da shi ya sha. Ya dafa wurin ya ji ko da zafi, ya tambayi zazzaɓi.

"Tashi mu tafi Kano. Wannan ba a kwana da shi."

Aka ɗauki hoto, aka gwada jini. Likita ya ce ƙarfen lafiya lau, gajiya ce kawai, ya rage ɗaukar buhu.

"Alhamdu lillahi," in ji Mudi, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Amma a bas, Sale na ta zuba surutu cikin murna, shi kuwa ya zuba wa taga ido har suka sauka a Kiru.