Inuwar da ta Koma Kudu

Shekaru sun ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, saboda haka mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Abin da na tabbata shi ne ban cika shekara da gama makarantar horon malamai ta Turawa ba. Shekarar kanta ba zan rantse a kanta ba. Alif ɗari tara da ashirin da wani abu ce dai.

Ni mutumin Gwandu ne. Da na gama karatu aka tura ni Kalgo in koya wa magatakardan hakimi rubutun boko da lissafi. Mahaifina ya ce in sauka gidan wani tsohon abokinsa da suka yi karatun fiƙihu tare. Malamin zaure ne, kuma shi ne limamin masallacin unguwarsu. Ɗalibansa magidanta ne, manoma da masunta, sukan zo da hantsi da littattafansu a gafaka. Ya karɓe ni hannu bibbiyu saboda mahaifina, amma ban taɓa jin ya saki jiki da ni ba. In na shigo zaure sai in ga ya ja gefen rigarsa ya rufe littafin da ke gabansa. Ko kuwa ni ne nake ganin haka, domin a lokacin kowane motsi sai na yi masa fassara.

Wata rana ina gefe yana biya musu babin lokutan salla. Mutum zai tsaya a rana ya auna inuwarsa da sawunsa, diddige na bin yatsa. Tsawon kowa sawu bakwai ne da ƙafarsa. Inuwa takan yi ta raguwa har rana ta take tsaka, sannan ta fara ƙaruwa, kuma da ta fara ƙaruwa azahar ta shiga. In ta ƙara sawu bakwai a kan abin da ya rage mata a tsakar rana, la'asar ta yi. Abin da ke rage mata ɗin nan yakan sauya daga wata zuwa wata, don haka akwai wani baiti da ake haddacewa, kowane harafi a cikinsa yana faɗin sawun wata guda. Duk sun iya shi kamar sunayensu. Amma da na tambaya a hankali, sai na gane babu wanda ya taɓa fita ya gwada.

Bayan sun watse na ce, "Allah gafarta Malam, da za a kafa turke a ƙofar gida ɗalibai su riƙa aunawa da kansu, ina ganin karatun zai fi zama."

Ya dube ni ya ce, "Karatun ya zamna tun ba a haife ka ba. Wa ya aiko ka da wagga magana?"

"Babu kowa."

"Ba Bature ya ce ka gyara muna salla ta dace da agogo nai ba?"

Na rantse masa. Sai bayan kwana uku ya yarda, amma da sharaɗi: ba ni zan auna ba, babban ɗalibinsa ne zai auna ya rubuta.

Wannan ɗalibi ɗan masunta ne, ya girme ni da shekara goma ko fiye, mai manyan hannuwa da ƙarancin magana. Ya daɗe a gaban Malam. Ladanin masallacin ya tsufa, idonsa ya fara mutuwa, kuma kowa a unguwar ya san Malam na nufin gabatar da ɗalibin nan ga dattawa a ba shi ladanci idan damina ta zauna. Ban san abin da wannan yake a zuciyar ɗalibin ba sai daga baya. Mutum ne da ba shi da gadon malanta, ba shi da gona mai yawa, wannan ne kaɗai abin da shekarunsa na karatu za su zama.

Muka samo miƙaƙƙiyar azara, muka kafa ta daidai tsawon mutum, muka ƙulla igiya gida bakwai don awo. Mutanen unguwa ba su so abin ba. Mata masu zuwa ɗebo ruwa sukan kewaye shi da nisa. Na ji an ce da shi za a ɗaure ruwan sama, na kuma ji an ce alamar inda Turawa za su gina wani abu ce. Ni ma ban yarda da su ba. Kowace safiya sai na duba gindin turken ko an taɓa shi.

Awon farko ya zo yadda nake so. Baiti ya ce sawu biyar, ƙasa ta ce biyu da 'yan kai. Aka sake washegari, haka. Malam ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce mai baitin mutumin ƙasashen bayan hamada ne, wataƙila ranarsu ba ta bin inda tamu ke bi. Ni kuwa, dole in faɗi gaskiya, daɗi ya cika ni. Babban ɗalibin ya lura.

"Malamin boko," in ji shi, "rufe bakinka, haƙoranka na ƙara muna haske, awo na ɓaci."

Aka yi dariya. Wasa ne, na gane haka yanzu. A ranar kuwa na ɗauka gaba ce, na adana ta.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Gwandu mahaifina ba shi da lafiya. Kafin in tafi na tsaya a zaure na faɗa musu abin da na haddace daga littafinmu, wanda aka bugo a ƙasar Turawa: inuwar tsakar rana arewa take fuskanta har kullum, tana tsawo tana gajarta, amma ba ta barin arewa. Da ƙarfi na faɗa, a gaban kowa. Na bar ɗalibin da turke na kama hanya.

Na yi wajen mako bakwai a Gwandu kafin mahaifina ya miƙe. Da na dawo an yi ruwan fari, mutane sun fara shuka. Ɗalibin ya kawo mini takardar awo, ya rubuta ta da kyau da tawada, kwana bayan kwana. Lambobin suna ta raguwa. Can ƙasa ya rubuta "babu" a wata rana. Daga nan kuma kowane layi ya ƙare da kalma ɗaya: kudu.

Na karanta sau biyu, zuciyata ta fara kawo mini dalilai. Wataƙila kiwuya ta hana shi fita rana, ya zauna a inuwa ya ƙaga lambobi. Wataƙila ya karkatar da turken don ya kunyata ni. Har na zargi Malam, na ce ko shi ya sa shi don ya rama wa baitinsa. Na je na duba turken. Ruwa ya tausasa ƙasar gindinsa, akwai sawun ƙafa kusa, kuma na ga kamar ya ɗan kwanta. Yau ba zan iya rantsuwa ya kwanta ba.

Da na jira tsakar rana ɗaya kawai da ba a kai ga abin da aka kai ba. Ban jira ba. Washegari da hantsi, zaure cike, na ɗaga takardar na ce wanda ya rubuta wannan ko bai auna ba, ko ya taɓa turken.

Ɗalibin ya ajiye littafinsa. "Ni ka ke ce ma maƙaryaci?"

"Ban ce ba. Na ce inuwa ba ta zuwa kudu."

"To ta tahi. Ba ta tsaya neman izninka ba, kana Gwandu."

Aka fashe da dariya, kunya ta rufe ni, sai na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Wanda zai ƙaga lamba a kan inuwar turke, ta yaya za a amince masa da lokacin sallar jama'a?"

Malam ya dube ni, ya dubi ɗalibinsa.

"Ɗana, wagga magana ta yi nauyi," ya ce da ni. "In ta tabbata, ba ni kai shi gaban dattawa. In ba ta tabbata ba, kai za ka ɗauki nauyinta. Mu haɗu ga turke in rana ta take."

Rana ba ta fito ba. Hadari ya rufe sama kwana uku, in ya buɗe sai da yamma. A cikin kwana ukun nan magana ta kai kasuwa, ta kai bakin gulbi inda 'yan'uwan ɗalibin ke gyaran taru. Ba yadda na faɗe ta ta tafi ba. Cewa aka yi ɗan boko ya kama mai jiran ladanci yana ƙarya a kan lokacin salla. Waɗanda jiya suke gudun turkena, yau su ne suke cewa ruwa ba ya tsami banza. Na ga ɗalibin ya shigo masallaci, wani dattijo ya ɗan ja jikinsa daga sahu. Abin ya dame ni, amma na lallashi kaina da cewa gaskiya nake karewa.

A rana ta huɗu sama ta washe. Na zo da zare da dutse a ɗaure don in gwada ko turken a miƙe yake. Malam ya ce in ajiye.

"Tunda turke ka ke tuhuma, kai zama turke. Ko kai ma an karkata ka?"

Ya tsayar da ni a fili, na fuskanci gabas. Muka jira, zufa na bin bayana, har inuwata ta taru a ƙarƙashina ta daina raguwa.

"Hannunka na dama ina ya ke kallo?"

"Kudu, Malam."

"Dubi ƙasa."

Na duba. Ga ta nan 'yar guntuwa, sawu ɗaya da ɗan ƙari, ta leƙo daga gefen ƙafata ta dama. Na gyara tsayuwa, na haɗe ƙafafu, na miƙe wuya. Ba ta motsa ba. Malam ya sa ɗalibai suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, kowa tasa kudu. Wani tsohon Bafulatani da ya biyo da shanunsa ya tsaya ya tambayi abin da ya tara malamai a rana kamar masu shanya. Da aka gaya masa ya riƙe ciki yana dariya. Ya ce ko saniya ta san in ruwa ya sauka, kudancin itace ake kwanciya da rana.

A ƙarƙashin wannan rana aka haife ni, na yi shekara ashirin da wani abu ina taka inuwata, ban taɓa dubawa ba. Littafinmu gaskiya ya faɗa game da ƙasar da aka rubuta shi, kamar yadda mai baiti ya faɗi gaskiyar tasa ƙasar. Na yi wa ɗaliban Malam dariya don sun haddace ba su gwada ba, alhali abin da na yi ke nan. Daga baya na tambayi Malam ko ya san haka tun farko. Ya ce ya daɗe da lura rana na shigowa ta ƙofar arewa ta zaurensa da damina, amma bai taɓa haɗa wannan da karatu ba. Na yarda da shi, ko da yake na yi shekaru ina tambayar kaina me ya sa bai faɗa ba tun ranar da na yi zargin.

A nan fili na durƙusa gaban ɗalibin na nemi gafara. Ya ce, "Allah shi yafe muna baki ɗaya." Bai dube ni ba.

Malam bai tumɓuke turken ba. Daga wannan shekara duk wanda ya kai babin lokuta sai ya yi kwana arba'in yana awo da hannunsa kafin a biya masa baitin, kuma in an biya sai a ce masa wannan na mutanen wata ƙasa ne, namu yana ƙofar gida. Ni ma a duk ajin da na riƙe bayan haka ban ƙara faɗin wata ƙa'ida game da rana ko ruwa ko shuka ba sai na fitar da ɗalibai sun gani. Ina jin an amfana, ko da yake ba ni ya kamata in yi wannan hukunci ba.

Sai dai mutum goma sha biyar ne ko ƙasa da haka suka ga inuwata a ranar, kasuwa kuwa ta riƙe labarin farko. Na bi rumfuna ina warwarewa, ana gyaɗa mini kai, wasu ma suka ce Malam ne ya tilasta ni in janye. Da damina ta zauna Malam ya kai sunan ɗalibin gaban dattawa. Biyu daga cikinsu suka ce ba sa son ladanin da aka taɓa yin magana a kansa, aka ba wani. Na daɗe ina zargin da ma suna da nasu, ni dai na miƙa musu sanda ne. Ba ni da hujja, kuma na riga na ga inda zargi ba hujja ya kai ni. Bayan girbi ɗalibin ya kwashe iyalinsa ya bar Kalgo. Wasu sun ce Malisa ya koma, wasu sun ce Maruda. Ban sake ganinsa ba.

Duk wanda ya kasance a zauren nan, ko ya ji labarin daga mahaifinsa, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara. Ina tsoron na sassauta kalmomin da na faɗa a ranar, in kuwa haka ne a gaya mini yadda suke, zan sa su yadda aka ji su. Mutanen Malisa da Maruda kuma, in akwai wanda ya san wani ɗan masunta daga Kalgo da ya zauna a cikinku, a sanar da ni ko ya samu ya kira salla a can. In yana da zuriya a faɗa musu cewa abin da ya rubuta a takardar nan daidai ne, layi bayan layi.