Haɗin Torshin Awadiyya

Awadiyya Bakri 'yar Mai Wurno ce, garin Hausawa a Sudan, amma a Omdurman ta yi aure, a can kuma ta shekara goma sha bakwai tana dafa abincin biki. Da yaƙi ya ɓarke ta bar tukwanenta ta taho Alƙahira da 'yarta Reem, suka kama ɗaki a unguwar Arba wa Nus. Aikin da ta samu shi ne shara da wanke-wanke a gidan wata Madam Rania a unguwar Mohandessin. Madam ba ta taɓa tambayarta ko ta iya girki ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Wata Juma'a da la'asar aka yi walimar baikon 'yar gidan. Masu kawo abinci suka zo da komai, amma suka manta da abin dangwala burodi. Baƙi sun fara cika falo, Madam na tsaye a kicin tana ta masifa a waya.

Awadiyya ta buɗe firij. Ga robar torshi, wato kokwamba da karas da lemun tsami da aka tsuma a ruwan gishiri, wanda ba a rasa shi a gidan Bamisire. Ta tsame shi ta yanka mitsi-mitsi, ta matse ruwan da tsumma mai tsabta. Ta dama farin cuku da zabadi, kindirmon Masar, har suka yi kauri, ta daka tafarnuwa ta zuba, ta ƙara cokali ɗaya na ruwan torshin. Sannan ta ciro ƙullin yajin da take ajiyewa a jaka don abincinta na rana ta barbaɗa.

Sau uku ana cika kwanon. A na ukun, Awadiyya tana shigowa da tire, ta ji wata tsohuwa tana tambayar Madam daga ina aka samo wannan abu.

Madam ta yi murmushi ta ce, "Haɗin mahaifiyata ne, Allah Ya jiƙanta."

Awadiyya ta ajiye tiren a hankali.

"Allah Ya jiƙanta, Hajiya," ta ce wa tsohuwar. "Amma ni na yi shi, yanzun nan, a kicin ɗin can."

Wani ya tuntsire da dariya, ya sa hannu ya toshe baki.

Washegari da safe Madam ta tare ta a bakin ƙofa. "Kin kunyata ni gaban surukaina. Za ki ba ni haƙuri, ki rubuta mini yadda ake haɗin, sai mu manta."

"Shara na zo yi, kuma na yi," in ji Awadiyya. "Jiya na fitar da ke kunya ba ki roƙe ni ba. Gidana na bari, da titinmu, da kabarin mijina. Abin da ke hannuna ne kaɗai na tsallako da shi, ba zan bar wa kowa sunansa ba."

Ta cire rigar aiki ta naɗe, ta ɗora a kan kujera.

A gida Reem ta tayar da hankali. "Umma, aikin fa? Da me za mu ci?"

"Khalas, ya wuce. Ɗauko mini wuƙa da torshi."

Watannin farko sun sha wuya. Ɗaliban Najeriya ne suka fara sayen haɗin a ƙananan robobi don walimar saukar karatu, daga baya matan unguwa suka biyo. Kowace roba sai Reem ta rubuta sunan uwarta a murfi.

Da bikin 'yar Madam ya matso, waya ta yi ƙara. Madam ce, muryarta ƙasa-ƙasa, tana son roba ashirin a kai mata gida.

"Tamam, zan yi," in ji Awadiyya. "Amma ba na kaiwa. Ki zo Arba wa Nus ki karɓa, bene hawa na huɗu, babu lifta."

Ranar Alhamis Madam ta zo. Ta iso tana haki, Awadiyya ta ba ta kujera da ruwan sanyi.