Na Bakwai Ba Ya Ɓata

Jiya jikata ta tambaye ni abin da ya sa komai na tatsuniya bakwai ne, sai Goggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

A Farin Dutse muka zauna da ita bayan yaƙin basasa. In an yi magariba takan baje gyaɗa a tabarma, muna ɓara tana ba mu labari, hannunta yana ƙanshin man shanu. Kullum 'yan'uwa bakwai ne ke shiga dajin aljanu, kuma autansu ne ke dawowa gida.

Ran nan na ce, "Goggo, su ba sa zama shida ne?"

Ta ce, "Ke, sama bakwai, ƙasa bakwai, ɗawafi bakwai. Allah bai yi bakwai a banza ba. Na bakwai ba ya ɓata."

Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta ƙarasa labarin ba. Washegari a bakin rijiya mahaifiyata ta gaya mini ɗan Goggo na bakwai ya tafi soja, ba shi ba labarinsa.

Har ta rasu tana rufe masa tuwo a akushi. Allah ya jiƙanta, ya sada ta da shi a Aljanna.