Fitila Kafin Mutum

Shekara arba'in Gafiya yana haƙar rijiya, har mutane suka manta sunansa na yanka. Bai iya zama ba. Ko abinci a tsugune yake ci, idonsa na kan diga.

Ƙasa kuwa ya san ta hawa-hawa: baƙa a sama, sai ja, sai marmara mai cin bakin diga, sai yumɓu, sai farin yashi mai sanyi. 'Yarsa, malamar makaranta, ta taɓa gaya masa duk abin da yake haƙa ɓawo ne kawai. Can ƙasa akwai dutse mai zafi, a tsakiya kuma ƙarfe.

Ya ce, "Wa ya je ya gani?"

"Ba kowa, Baba. Da girgizar ƙasa ake aunawa."

"To ni gaba ashirin na sani, kuma da ƙafata na je."

Rijiyar gidan wannan 'yar ce ta hana shi sakat. Ga ta da tsohon ciki, ga famfo da nisa, shi kuma ya rantse ba za ta haihu tana ɗauko ruwa ba. A gaba na goma sha takwas ƙasa ta fara danshi. Da safe ya zura fitila da igiya, yadda yake yi kullum kafin ya sauka. Ta mutu. Ya sake kunnawa, ta sake mutuwa. Iskar ramin ta ɓaci, irin wadda ta kashe ƙanensa.

Ya zagaya rijiya, ya leƙa, ya sake zagayawa. Surukinsa, tela, ya ce, "Baba, ko lagwani ne?"

"Lagwanin gidanku."

Duk da haka sai ga shi ya kama igiya. 'Yar ta fito tana dafe da ƙugu. "Baba, wallahi in ka sauka, ina bayanka da cikin nan."

Ya saki. Ya karɓi lemarta, ya buɗe, ya ɗaure da igiya, ya dinga zurawa yana jawowa don ya kwaso mugunyar iskar. Kwana biyu yana yi, yana tsaki, tafinsa duk ya yi kanta.

Rana ta uku fitila ta kai ƙasa tana ci. Ya sauka. Can wajen la'asar guga ya yi nauyi, ruwan laka na zubo masa a ka.

"Ja a hankali, tela! Ba zare ba ne!"