Sulken da ya nutsar da maharbin ƙanena

Ƙanena ne ya koya mini wasan, a bakin gonar albasarmu ta Goronyo, muna jiran injin ban-ruwa ya huce. Wasa ne na waya: mutum ya ƙera jaruminsa, ya sauka da shi cikin wani kogo mai hawa-hawa, dodanni na jiran sa. Rai ɗaya ake ba jarumi. In ya mutu ya mutu, sai dai a ƙera wani.

Kowane kaya a wasan yana da rubutu biyu. Kore shi ne abin da zai ƙara maka, ja kuma abin da zai karɓe. Takobi mai tsawo yana ƙara sara amma yana rage saurin hannu. Zoben da ke haska duhu yana jawo hankalin dodanni. Ƙanena ba ya kallon koren sai ya gama karanta jan. Shi ya sa jaruminsa, wani maharbi, ke yawo da 'yar rigar fata da takalmi mara nauyi, kamar mai zuwa su.

Da zazzaɓi ya ɗauke ƙanena da damina, wayarsa ta dawo hannuna. Maharbin na nan, da sunan da ya rubuta masa da yatsansa. Na ci gaba da lallaɓa shi, ba na shiga da shi inda ban tabbata zai fito ba. Ba wanda na gaya wa dalili.

Sai yayan matata ya shigo wasan. Mutum ne mai shago a Achida, mai son a san ya yi kyauta. Ya aiko wa maharbin da sulken ƙarfe mai ruwan zinariya. Na duba: koren ya ce ya ninka kariya. Jan ya ce yana cinye rabin gudu, kuma mai sanye da shi ba ya iyo. Na yi godiya, na jefa shi jaka.

Ranar wani suna a Magarya muna zaune a inuwa bayan azahar, ya leƙo wayata.

"Mi kaka yi da wagga tsumma? Ina sulken da nib ba ka?"

"Yana jaka, Yaya. Hawan ga ruwa na, nauyi garai."

"Ni in ba ka kaya ka aje? Ko riga babba yab ba ka, ai sawa kakai shi gani. Kawo nan."

Ya zare wayar daga hannuna. A gabanmu ga surukina, ga dattawan gari. Wa zai fizge abu daga hannun yayan matarsa a irin wannan zama? Ina kallo ya tuɓe wa maharbin rigar fatar da ƙanena ya zaɓa, ya ɗora masa wannan tulin ƙarfe. Har juya wayar yake yi wa mutane su ga ƙyalli.

"Yaya, karanta jan rubutun," na ce.

"Bari, ka ga aiki."

Ya tura shi cikin ruwa. Maharbin da ke tsallake wannan wuri kamar kifi ya yi taku biyu, ya tsaya, ya yi ƙasa. Layin numfashinsa ya dinga raguwa, yayan matata kuwa yana ta danna allo kamar mai kashe kiyashi. Ba dodo ne ya kashe shi ba. Kyauta ce, da girman kan wanda ba ya karanta abu sai wanda ke yabon sa.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ina jin haushin masu ƙera wasan da suka yi koren manya-manya, jan kuwa ƙanana. Amma haushin mutumin nan ya fi, domin da ya miƙo mini wayar dariya yake yi.

"Sake wani mana, ba wasa ba ne? Amma hwa sulkena ya tahi banza."

Sulkensa. Shi ne abin da ya ga an yi asara.

Na karɓi wayar da hannu biyu, yadda aka koya mana. Allon ya koma farko, gurbin suna fari fat, yana jiran in rubuta wani. Sunan da ƙanena ya rubuta babu shi ko'ina.