Gefen Filasta

Shekara goma sha biyu da aurena, surukina bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Haka aka tashe mu a Damagaram: uban matarka ba ka ci a gabansa, ko ruwa za ka sha sai ka zagaya. Na yi yawo daidai gwargwado, na ci a tsaye a tashar mota, na ci a jirgin sama kafaɗata na gugar ta baƙo, amma wannan ɗaya na riƙe ta gam.

Sai ga surukin nawa, Alhaji, za a yi masa aikin ido a Lyon, matata kuma da tsohon ciki, aka ce ni zan raka shi. Kwana tara muka yi a Rillieux, gefen Lyon, gidan wani ɗan garinmu. Da an shimfiɗa ledar abinci sai in tuna ina da waya da zan buga a waje. Matar gidan ta gano ni tun rana ta biyu, ta riƙa ajiye mini kwano a ɗakin girki, bayan ƙofa.

Aka yi aiki lafiya, aka rufe idon hagu da auduga da filasta. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, inda autar Alhaji, ƙanwar matata, take aikin bincike. Tun a gar, tashar jirgin, ta fara tsokanata.

"Mijin Yaya, gobe da rana zan kai ku cin abincin Japan. Wata uku da na kama randebu, aka ajiye mana wuri. Gobe dai zan ga yadda kake tauna."

"Ki nemi wani abin kallon, yarinya."

Don ubanta ta shirya abin. Alhaji shekara talatin yana ɗauko bandar kifi daga bakin Tafkin Cadi, tana so ya ga yadda wasu mutanen suke girmama kifi. Har ta riga ta roƙe su kada a sa mana komai mai giya. Ni ban damu ba. Na ce a raina, in mun shiga zan nemi tebur can a lungu, in ba su baya.

Ashe babu tebur ko ɗaya. Dogon katako ne guda, fari tas, da kujeru takwas a jere, biyar da mutane. A bayan katakon wani dattijon Bajapane ne tsaye da doguwar wuƙa. Aka zaunar da Alhaji a tsakiya, Auta a hagunsa, ni a damansa, daidai saitin idon da yake gani.

Dattijon ya dunƙula shinkafa kamar ƙaramar lomar tuwo, ya ɗora mata yankan kifi, ya ajiye wa kowa ɗaya, ya tsaya yana kallo. Auta ta yi mana bayani: nan take ake ci, tun shinkafar da ɗuminta, kuma da hannu ma ba laifi, ba dole sai da tsinkayen cin abincinsu ba.

"Ɗanye ne?" in ji Alhaji.

"Ɗanye ne, Baba."

Ya yi bisimilla ya jefa a baki. Ya jima yana tauna, sannan ya ce, "Wannan mutumin ya san kifi."

Tawa lomar tana nan. Na tsura wa bango ido kamar mai karatun allo. Can dattijon ya miƙo hannu ya ɗauke ta. Ya yanko wani kifin, ja, ya ajiye mini. Ita ma ta huce, ya ɗauke. Ni ko tun shayin asuba ban sa komai a cikina ba, ƙamshin shinkafar nan mai ɗan tsami yana shiga hancina. Na yi tunanin in ce azumi nake, amma Laraba ce, kuma ba zan yi wa surukina ƙarya don in tsare kunyarsa ba.

Da ta ukun ta huce, dattijon ya ajiye wuƙa. Ya yi wa Auta magana a hankali da faransancinsa gajere: ko mushen nan, wato ni, ba ya cin kifi ne? Ko akwai abin da ya ɓata masa? Shi tare yake tafiya da mutum takwas ɗin nan, ba zai wuce ya bar ɗaya a baya ba. Sauran biyar ɗin duk suka juyo.

Auta ta leƙo ta bayan ubanta. Wasan ya bar fuskarta.

"Mijin Yaya, s'il te plaît, don Allah. Ɗaya kawai."

Na girgiza kai. Na ji tausayinta ƙwarai, wata uku tana jiran ranar nan. Amma na riga na yanke: in ya kama in tashi in tsaya a bakin titi har su gama, zan tashi. Har na dafa katakon.

Alhaji bai dube ni ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Auta, dawo damana. Ina so in ga yadda kike riƙe tsinkayen nan. Malam ya koma wurinki."

Muka yi musanya. Da na zauna a gefen filasta, sai ya ce, ba da kowa ba, "Wannan ɓangaren likita ya ce sai mako mai zuwa. Ko raƙumi ya gifta ba zan sani ba."

Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya ɗauki wuƙarsa. Ban san me ya fahimta ba, amma da ya ajiye mini ta huɗu, sai ya yi ta a hankali, ko ƙara babu.

Na ci. Kifin ya narke a bakina kamar man shanu. Sai wani koren yaji da aka ɓoye a ƙarƙashinsa ya hau mini hanci ya nufi ƙwaƙwalwa. Tari ya taso, na danne shi da duk ƙarfina, don filasta ido ta rufe, kunnen Alhaji lafiya lau yake. Hawaye na zuba, ina haɗiya. Daidai nan Alhaji ya ɗaga murya, ya shiga ba Auta labarin yadda ake bandar tarwaɗa a Ngigmi, wane itace ake sa wa, kwana nawa take yi a hayaƙi. Ya ce ta fassara wa dattijon. Duk lomar da aka ajiye mini, labarin sai ya ƙara tsawo. Na ci har da miyar ƙarshe, ban bar ko ƙwayar shinkafa ba.

Da muka fito, Auta ta riƙe hannun ubanta, ni ina baya da jakar magani. Muna dab da bakin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Alhaji ya tsaya gaban wani shagon burodi.

"Auta, Malam fa bai ci komai ba. Shiga ki sayo masa burodi."

Ta shiga tana toshe baki da gyale. Haka na rungumo dogon burodin nan a hammata har masaukinmu a Goutte d'Or, cikina dam, ina yi wa Alhaji godiya.